Kiwon Gizon Tarantula: "Ai Ba Ya Kisa" Ba Ta Isa Hujja Ba

A ziyarar da na kai wa ƙanena da ke zaune da iyalinsa a wani gari na arewacin Ingila, ɗansa mai shekara 13 ya ja hannuna zuwa ɗakinsa don in ga abin da yake kiwo. Na ɗauka zomo ne ko tsuntsu. Da muka shiga sai na tarar da akwatin gilashi a kan teburin karatunsa, a ciki kuwa ga wani ƙaton gizo-gizo mai gashi buzu-buzu, girmansa ya kusa tafin hannuna, ya lafe a gindin wani guntun icce. Kafin in ce uffan yaron ya ɗage murfi, ya tallabo shi a hannu yana dariyar yadda na ja da baya. Ya ce, "Baffa, kada ka ji tsoro, ai ba ya kisa." Da na juya na dubi mahaifinsa, shi ma abin da ya faɗa ke nan: "Yaya, mun tambaya kafin mu saya, an ce ba ya kisa."

Wannan magana ta tsaya mini a rai, musamman da yaron ya nuna mini hoton wanda yake tara kuɗi ya saya nan gaba, wani fari mai ɗigo-ɗigon baƙi, yana cewa ai wannan ɗan gida ne, daga Togo ake kawo shi. Ita ce ta sa na zauna na karanta abin da likitoci da masana suka rubuta a kan wannan halitta. Abin da na fahimta shi ne maganar tasu gaskiya ce, amma gaskiyar da aka yanke wa rabi, kuma rabin da aka bari shi ne wanda ya fi shafar yara.

Tarantula suna ne da ake kiran wani babban dangi na gizo-gizo da masana ke kira Theraphosidae, wanda ke da nau'i sama da 1,000 a yankuna masu ɗumi na duniya. Sunan ya samo asali daga birnin Taranto na kudancin Italiya, inda mutanen da suka yi imani cewa wanda wani gizo na yankin ya ciza ba zai warke ba sai ya yi ta rawa har ya jigata. Mafi girma a dangin, wanda ke dazuzzukan arewacin Kudancin Amurka, faɗinsa daga ƙafa zuwa ƙafa yana kusan kai santimita 30. A Turai da Amurka kiwonsa ya zama abin sha'awa: ba ya haushi, ba ya buƙatar fili, gyare ko kyankyaso ɗaya ko biyu a mako sun ishe shi, ana kuma sayar da 'ya'yansa da araha ta intanet. Waɗannan dalilai ne ke sa iyaye su ga kamar sun sami dabbar da ta dace da yaro. Hotunan bidiyo na matasa da gizon yana tafiya a kan fuskarsu kuwa suna yawo a wayoyin 'ya'yanmu a ko'ina suke, ba sai sun je Turai ba.

Gaskiya ne ba a tabbatar da wani mutum da dafin tarantula ya kashe ba. Sai dai tsakanin mutuwa da lafiya akwai tazara mai nisa, kuma a cikin wannan tazarar ne wahalar take. Masu kiwo sun kasa dangin gida biyu. Akwai na nahiyoyin Amurka, irin su na Chile da na Meziko, waɗanda galibinsu masu sanyin hali ne, cizonsu kuma akan kwatanta shi da harbin zuma ko na rina. Akwai kuma na Afirka da Asiya da Ostareliya, waɗanda suka fi sauri, suka fi saurin fushi, dafinsu kuma ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Mai sayarwa da ya ce wa uba "ba ya kisa" bai yi ƙarya a kan ko wanne ba, amma bai gaya masa wanne daga ciki zai shigar ɗakin ɗansa ba.

Mu ɗauki na Indiya da Siri Lanka da ake kira Poecilotheria, masu ado kamar an yi musu zane. A 2014 mujallar Toxicon ta buga rahoton likitocin Suwizalan game da wani mutum mai shekara 45 da irin wannan gizo da yake kiwo ya cije shi. Da farko abin bai zama wani tashin hankali ba. Bayan sa'o'i masu yawa sai tsokar jikinsa ta fara murɗewa da tsanani har da ciwon ƙirji, ya nufi asibiti, kuma sai da aka yi kimanin mako uku kafin murɗewar ta rabu da shi. Wannan babban mutum ke nan mai cikakken jiki. Mu da muka san kunama mun san cewa harbin da zai sa magidanci ya kwana yana nishi, shi ne zai iya jefa ƙaramin yaro cikin mawuyacin hali, domin dafi ɗaya ne amma jikin da ya karɓe shi ba ɗaya ba ne. Wani nazari da aka buga a 2003 kan cizon tarantula na Ostareliya ya ƙara fito da wannan: mutane tara da aka ciza sun sha zafi sun warke, amma karnuka bakwai da aka ciza duk sun mutu, wasu cikin sa'o'i biyu. Jikin kare daban yake da na mutum, amma gidan da ke da jariri mai rarrafe ko wata dabba ya kamata ya yi tunani a kan wannan labari.

Shi kuwa "ɗan gidan" da ɗan ƙanena ke kwaɗayi, sunansa Heteroscodra maculata, ana samunsa a Togo da Ghana, yana zaune a kan bishiyoyi, kuma yana cikin waɗanda ƙwararrun masu kiwo ke gargaɗin sababbin shiga su nisanta. Yana da ɗan'uwa a Afirka ta Yamma, Stromatopelma calceatum, mai ɓuya a kan kwakwa da makamantanta, wanda shi ma ya yi suna wajen zafin cizo. Dafin na Togo ɗin har ya ja hankalin masu binciken yadda jiki ke jin zafi. A 2016 ayarin Farfesa David Julius na Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco, wanda ya sami kyautar Nobel a 2021, ya nuna yadda wani sinadari a cikin dafin ke kunna jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo. Shekaru goma kafin nan, ayarin nasa ya gano cewa dafin wani tarantula na tsibirin Trinidad yana taɓa daidai wurin da yajin barkono ke taɓawa a jijiya. Ma'ana, zafin da ake ji shi ne aikin da dafin yake yi, domin da shi halittar ke korar duk abin da ya matsa mata.

Wani zai ce to sai a saya wa yaro na Amurka mai sanyin hali, magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba, domin da yawa daga cikinsu suna da makami na biyu da na Afirka da Asiya ba su da shi. A bayan cikinsu akwai wasu ƙananan gashi masu ƙugiya. Idan gizon ya tsorata sai ya karce su da ƙafafunsa na baya, su tashi a iska kamar ƙura. Wanda ya san ƙaiƙayin gero a lokacin sussuka, ko ya taɓa gogar karara a daji, zai gane abin da suke yi wa fata. A ido kuwa abin ya fi muni. Mujallar Lancet ta buga labarin wani matashi mai shekara 29 da ya je asibitin St James na birnin Leeds a 2009, bayan ya yi mako uku idonsa na ja yana zubar da hawaye, ba ya son haske, an ba shi maganin ciwon ido na yau da kullum bai ji sauƙi ba. Da aka duba da na'ura sai aka ga ƙananan gashi sun nutse a cikin fatar gaban idon. A nan ne ya tuna ranar da yake goge akwatin gizonsa ɗan Chile, gizon ya watso masa gashi a fuska. Gashin sun yi ƙanƙantar da ba a iya cire su, sai magani na ɗigawa aka ɗora shi a kai na tsawon watanni. Irin wannan gizon ne fa ake tallata wa masu fara kiwo, shi ne kuma na gani a tafin hannun yaro ɗan shekara 13.

Abin da ya sa nake ware yara a wannan magana shi ne halinsu, ba ƙarancin jikinsu kaɗai ba. Yaro yana son ya taɓa abin da yake ƙauna, yana son ya nuna wa abokai, yana son a ɗauke shi hoto. Yana kusantar da fuskarsa, yana murza ido da hannun da bai wanke ba. Yana kuma ɗauka cewa abin da yake ciyarwa ya san shi. Tarantula kuwa ba kyanwa ba ne. Ganinsa ma rarrauna ne, da motsi da girgiza yake gane abin da ke kusa, hannun mai shi da na baƙo duk ɗaya ne a wurinsa. Idan ya ɗaga ƙafafun gaba ya buɗe fiƙoƙinsa gargaɗi yake yi, amma yaro bai san wuta ba sai ya taka. Akwai kuma abin da ya fi damuna: yaron da aka ciza yana iya ɓoyewa don kada a raba shi da abin kiwonsa, alhali alamun wasu nau'o'in ba sa bayyana sai bayan sa'o'i.

Shi kansa gizon ba ya amfana da ɗaukar. Cikinsa taushi gare shi, idan ya faɗo daga hannu zuwa daɓe yana iya fashewa ya mutu, kuma mutumin da aka ciza abin da yake fara yi shi ne yarfe hannu. Macen wasu nau'o'in na Meziko tana haura shekara 20 a raye, wato yaron zai gama makaranta ya bar gida ita tana nan. Ga batun doka kuma: yarjejeniyar CITES, wadda Nijeriya na cikin ƙasashen da suka sa mata hannu, ta sa sharuɗɗa a kan cinikin nau'in Brachypelma tsakanin ƙasashe, a 2019 kuma aka ƙara da Poecilotheria.

Ban ce a hana yaro sha'awar halittun Allah ba. Da yawa daga masana kimiyya da irin wannan sha'awa suka fara. Abin da nake cewa shi ne nauyin yana kan iyaye. Kada uba ya biya kuɗi sai ya san cikakken sunan nau'in da nahiyar da ya fito, a kuma rubuta sunan a manna a jikin akwatin domin likita ya san da me yake fama idan tsautsayi ya faɗa. Na Afirka da Asiya da Ostareliya ba na yara ba ne. Wanda aka yarda a ajiye, a kalle shi ta gilashi, a ba shi abinci da dogon hantsaki, a sa safar hannu da tabarau wajen share akwati, murfin kuma ya zama mai kulle. Idan cizo ya auku a wanke da sabulu da ruwa, a ɗora abu mai sanyi, kada a tsaga kada a tsotsa, a kai yaro asibiti a duba shi tare da batun allurar tetanus. Babu maganin karya dafin tarantula irin wanda ake da shi na maciji, likita alamun yake bi yana kwantar da su. Murɗewar tsoka, kumburin fuska ko wahalar numfashi kuwa ba abin jira zuwa safe ba ne. Gashi a fata ana iya ɗebe shi da salatif, amma idan ido ya shiga kada a murza, a nufi likitan ido, a kuma gaya masa akwai tarantula a gida.

Bayan na dawo na aika wa ƙanena abin da na karanta. Ya ce maganar na Togo ta mutu, na ɗakin kuma an daina fito da shi. Yaron ya ɗan yi fushi da Baffansa, na kuwa karɓi fushin hannu bibbiyu. Allah Ya tsare mana zuri'a.