Saƙon Ƙarya A Cikin Waya

'Yan'uwana matan Tabanni, ga wata dabara ta macuta. Sai saƙo ya shigo ta imel, wai daga Google ko banki, cewa cuta ta kama wayarki, za a rufe asusunki yau in ba ki latsa wani wuri ba. To, gaggawar nan ita ce alamar farko. Dubi adireshin mai aikowa, sau da yawa harafi ɗaya aka sauya. Tun 2014 da aka kawo BVN ɓarayi ke farautar lambobin mutane, kuɗin adashi kuwa ba su tsira ba. Banki ba ya tambayar lambar sirrin katinki, ko kusa. Kada ki latsa kome. In hankalinki bai kwanta ba, kira lambar da ke bayan katin.