Kafin Ka Ce An Cuce Ka, Duba Wuyan Jitarka

A cikin watan Janairun da ya wuce, ran wata Asabar bayan la'asar, wani tsohon ɗalibina ya yi mini sallama a gida nan Garwa, yana rataye da jitar bas a cikin jaka, fuskarsa babu annuri. Ko gaisawa ba mu gama ba sai ya ce, "Malam, an cuce ni." Ashe a cikin watan Agusta ne ya je Duwala ya sayo wannan jita ta hannu a kan sefa dubu 85, kuɗin da ya yi fiye da shekara yana tarawa daga aikin gyaran babur. Lokacin da ya gwada ta a can, laushinta kamar auduga. Yanzu kuwa tsirkiyoyin sun yi nisa da wuya har yatsunsa na ciwo, gefen wuyan kuma yana kartar tafin hannunsa. Ga shi 'yan ƙungiyarsu sun karɓi alkawarin yin wasa ran 11 ga Fabrairu, ranar bikin matasa. Niyyarsa ita ce ya sayar da ita ko da rabin kuɗi ne, ya ci bashi ya sayi wata.

Na karɓa na duba, na ce masa, "Zauna tukuna. Babu wanda ya cuce ka sai hunturu."

Abin da ya sa na ga ya dace in kawo wannan magana a shafinmu shi ne, samarinmu da ke kaɗa bas don sha'awa kawai suna ƙaruwa, daga Garwa da Ngaundare har Briketeri a Yawunde da New Bell a Duwala, kuma kusan duk wanda na zanta da shi zancensa ɗaya ne, watau da zai sami jita mai tsada da amfili babba, da an ji aiki. Ni kuwa tun da na fara taɓa wannan abu a ƙungiyar kiɗan kwalejin horon malamai, abin da na lura shi ne yawancin abin da ake ɗora wa jita laifinsa, rashin saiti ne ko kuwa hannun mai ita.

Ga wanda bai san ta ba, jitar bas ita ce mai doguwar wuya da tsirkiya huɗu masu kauri, wadda muryarta ke can ƙasa, kana jin ta a ƙirji kafin kunne ya tantance. Wani Ba'amurke mai suna Leo Fender ne ya fito da irin wadda ta bazu a duniya a 1951, ya kira ta Precision Bass, sannan ya biyo da Jazz Bass a 1960. Yawancin na kasuwanninmu kwaikwayon waɗannan biyu ne. Tsawon tsirkiya daga kan wuya zuwa jaki santimita 86 ne da 'yan kai, ana kuma ɗaure su a kan Mi, La, Re da Sol.

Ba kuwa abin mamaki ba ne yaron Kamaru ya ƙyalla ido a kanta, domin a wannan fanni ƙasarmu ba ta da na biyu a Afirka. Jean Dikoto Mandengue ya kaɗa wa ƙungiyar Osibisa a shekarun 1970. Aladji Toure na cikin waɗanda suka riƙe kiɗan makosa a Faris a shekarun 1980. Armand Sabal-Lecco ya yi aiki a faifan Paul Simon na 1990. Etienne Mbappe, haifaffen Duwala, an san shi da kaɗawa sanye da baƙar safar hannu. Sai kuma Richard Bona, wanda aka haifa a Minta a 1967. Shi wannan, yana yaro da kansa ya haɗa jitarsa ta farko, ya yi mata tsirkiya da wayar birkin keke, sai a 1980 da ya ji faifan Jaco Pastorius a Duwala ya koma bas. Na kan tuna wa samari wannan labari idan sun fara kukan rashin kayan aiki, ko da yake ba su cika son ji ba.

To mu koma kan jitar ɗalibin nawa. Wuyan jita itace ne, itace kuwa yana shan laima ya kumbura, ya rasa ta ya tsuke. Ruwan da ake yi a Duwala a shekara ya haura milimita 3,500, namu na Garwa bai wuce wajen 1,000 ba, kuma daga Disamba zuwa Fabrairu iska ba ta bar wa ko leɓen mutum danshi ba. Ga tsirkiyoyi huɗu suna jan wuyan dare da rana da ƙarfin da ya kai nauyin babban mutum. Saboda haka jitar da aka saita a bakin teku da damina, idan ta yi hunturu a arewa dole ta canza. Itacen ya tsuke, layukan ƙarfen da ke kwance a kan wuya su kuwa ba su tsukewa, shi ya sa bakinsu ya leƙo yana kartar hannu. Duk mai gurmi ko garaya ya san wannan, don shi ma yana ganin yadda fatarsa ke saki da damina ta ɗaure da rani.

Masu ƙera ta sun san da haka, shi ya sa suka sa wata sandar ƙarfe a cikin wuyan, mai noti a bakinta, wanda ake juyawa da ɗan makulli mai kusurwa shida. Ga yadda ake dubawa. Ka ɗaure tsirkiyoyi daidai tukuna. Ka danne mai kaurin a layi na farko da hannun hagu, ka danne ta kuma da hannun dama a inda wuya ya haɗu da gangar jiki, sannan ka dubi tazarar da ke tsakaninta da layi na bakwai ko na takwas. Abin da ake so shi ne kamar kashi uku cikin goma na milimita, watau kaurin ɗan kati. Ta ɗalibina sai da sulalla ta kusa shiga. Idan tazarar ta yi yawa, a ɗan sassauta tsirkiyoyi a juya notin dama. Idan babu tazara sam, tsirkiya na zizar ƙarfe, a juya hagu. Amma don Allah kwata ɗaya na zagaye kawai, sannan a bar itacen ya kwana a sake aunawa. In notin ya ƙi motsi, kada a yi masa ƙarfi. Na taɓa ganin wanda ya sa filaya ya murɗe har sandar ta karye a ciki, jitar ta zama abin rataye a bango.

Bayan wuya sai jaki. Kowace tsirkiya tana da ɗan sirdinta mai ƙananan kusoshi biyu na ɗagawa da saukewa. A layi na 12, mai kauri ta tashi kamar milimita biyu da rabi, siririyar kuma kamar biyu. Mai nauyin hannu ya ƙara kaɗan. Daga nan sai a gwada muryar tsirkiya a sake da muryarta idan an danne layi na 12, wanda shi ne rabin tsawonta daidai. Idan ta dannen ta haura, a ja sirdin baya, idan ta gaza a turo shi gaba. Wayar hannu ma yanzu tana auna murya, ba sai an sayi wata na'ura ba. Kwana uku muka yi muna wannan, bakin ƙarafunan kuma muka bi su da ƙaramar zarto a hankali, bayan mun rufe itacen da salatif.

Tsirkiya sabuwa tana da tsada, na sani. Goge ta da busasshen tsumma bayan kowane wasa yana ƙara mata kwana, musamman a kudu inda tsatsa ba ta jira. Waɗansu sukan tafasa tsofaffi a ruwa don dattin ya fita, muryar kuma takan dawo na ɗan lokaci, amma ba ta daɗewa. Ni dai ban ɗauki tsohuwar tsirkiya abin kunya ba. James Jamerson, wanda ya kaɗa bas a faifan kamfanin Motown masu yawa a shekarun 1960, an san shi da barin tsirkiyoyinsa shekara da shekaru, kuma da yatsa ɗaya tak yake kaɗawa.

Wannan ya kawo mu ga hannu, inda na fi samun saɓani da samari. Kowa so yake ya fara da marin tsirkiya da babban yatsa, salon da Larry Graham ya fito da shi a Amurka, don shi ne ke sa 'yan kallo ihu. Ba na ƙin sa, amma wanda bai iya tafiya ba ina shi ina tsalle? Abin farko shi ne ka ɗora babban yatsan dama a kan ɗan akwatin maganaɗisun da ke ɗaukar sauti, ka riƙa ja da manuni da na tsakiya bi da bi, kowane yatsa in ya ja ya faɗa kan tsirkiyar da ke sama ya huta. Kada ka fizga, amfili ne aikinsa ƙara ƙarfi. Kusa da jaki murya takan fito a ɗaure, tsaf-tsaf, irin wadda makosa ke so. Kusa da wuya kuwa takan yi taushi da faɗi. Hannun hagu ya danne dab da bayan layin ƙarfe, a can sama inda layukan ke da faɗi kuma a yi amfani da manuni da na tsakiya da ƙaramin yatsa, kada a tilasta wa hannu miƙewar da za ta jawo ciwon jijiya.

Abin da ya fi duka wuya shi ne kashe sauti. Tsirkiyar bas in ka bar ta sai ta yi ta gunji, 'yan uwanta ma su ɗauka ko ba ka taɓa su ba, kiɗa ya dagule kamar kunun da ba a dama ba. Gwani yana kashe ukun da ba ya so a daidai lokacin da yake kaɗa ɗaya, kuma ya san inda zai yanke muryar da ya fara. Ka saurari makosa da kyau, za ka ji rawar tana cikin 'yan guraben da mai bas ya yi shiru ne. Kunnenka kuma ya kasance a kan babbar gangar da ake takawa da ƙafa, ku sauka tare. Bikutsi tafiyarsa shida-shida ce, makosa huɗu-huɗu, kuma wanda ya tashi yana jin kalangu a gidan biki ba zai sha wahalar kama ko wanne ba. Sai dai kada a koya daga lasifikar waya. Tsirkiyar Mi tana kaɗawa sau 41 ne kacal a daƙiƙa, ƙaramar lasifika ba ta iya fitar da wannan, sai a sa abin kunne.

Game da amfili, ƙarami ya isa ɗaki. Kada dai a jona bas a lasifikar jita ta yau da kullum a ƙure, takardarta za ta yage. Jitar da ke da batir mai bolt 9 a ciki, a zare mata waya in an gama, in ba haka ba batirin zai ƙare a banza. Akwai kuma abu guda da ba na wasa da shi. Tsirkiyoyin suna haɗe da jikin amfili ta waya, saboda haka amfilin da aka cire wa wayar ƙasa, ko aka cusa tsirarar waya a soket da tsinken ashana kamar yadda muke gani a wajen biki, yana iya sako wa mutum wuta mai bolt 220. A 1972 wani makaɗin jita mai suna Leslie Harvey ya rasu a kan dandali a garin Swansea na Birtaniya, don ya taɓa makirfon da ba shi da wayar ƙasa. In ka ji tsirkiya na ɗan cizonka, ko makirfo ya tsunkule ka a leɓe, kashe komai a kira mai gyaran lantarki.

Ran 11 ga Fabrairu ɗalibin nawa ya yi wasansa da jitar nan tasa. Mahaifinsa, wanda tun farko ya ce shi a zuriyarsu babu makaɗi, bai je ba, amma ya aiko ƙanen yaron ya tambaye ni ko gaskiya ne ba a biya ko dala ba wajen gyaran. Na ce a gaya wa Alhaji an sayi salatif na sefa 200. Shi kuma yaron na ce ya ajiye makullin nan kusa, domin in ruwa ya sauka a watan Yuni wuyan zai sake motsawa, sai a juya notin hagu.