Jariri da Ɗanyun 'Ya'yan Itace



Kafin jaririnki ya cika wata 6, nono kaɗai ya ishe shi, ko ruwa ba ya bukata. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ke nan tun 2001. Bayan nan sai ki fara ba shi mai laushi: ayaba, ko nunanniyar gwanda, ko mangwaro. Ki wanke hannunki, ki wanke su da ruwa mai tsabta, ki fere, ki dame da cokali. Cokali 2 ko 3 ya isa, sau biyu a rana, ana ci gaba da nono.

Dabinonmu na Dutse abin alfahari ne, amma kada ki miƙa masa guda. Cire ƙwallon, ki jiƙa, ki murje cikin kunu. Kankana a tsince 'ya'yanta. Ɗanyen karas yakan maƙale wa yaro a wuya, sai a dafa shi. Zogale da alayyafo ma a dafa, don ruwan lambu ba shi da tabbas.

Ku kuma 'yan makaranta masu goyon ƙanne, magarya da kanya da aduwa ba na jariri ba ne. In yana ci, idonku na kansa. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya raya mana su, amin.