IN HAƘORIN DA AKA GYARA YA KOMA CIWO

'Yan uwa manoma da makiyaya na Tasawa da Mayahi, ga wata magana da ta shafi lafiyarmu.

A damanar da ta wuce, wani ɗalibinmu na ajin yaƙi da jahilci ya yi kwana goma bai je gona ba. An taɓa gyara masa haƙori a birni, an cike ramin. Bayan shekara ciwon ya dawo. Sai ya riƙa sayen ƙwayoyi wajen 'yan tebur ranar kasuwa. Ciwon ya lafa, ya sake tashi, har kuncinsa ya kumbura. Ciyawa ta cinye masa hatsi.

Mi ya sa ƙwayoyin ba su warkar da shi ba?

Cikin saiwar haƙori akwai wata 'yar hanya siririya. Nan jijiya da jini suke bi. In haƙori ya mutu, jini ya daina shiga. Maganin da muka haɗiye kuwa jini ne ke kai shi. Don haka ƙwayoyin cuta suna zaune ciki lafiya lau, kamar tsutsa cikin karan hatsi.

Aikin likitan haƙori ne ya sake buɗe hanyar, ya wanke ta. Yakan sa wani farin magani a ciki, ya bar shi mako 1 ko 2, sa'an nan ya toshe. In haƙorin ya lalace ƙwarai, sai a cire shi.

Magani irin amokisilin yana da ranarsa. Likita na ba da shi in akwai zazzaɓi, ko kumburi ya bazu. A sha shi yadda likita ya ce. Tun 1928 aka gano fenisilin a Ingila, amma shan irinsa barkatai ya sa cututtuka da yawa sun daina jin sa.

Kada a ba yaro ƙasa da shekara 8 ko mace mai ciki tetarasikilin. Yana ɓata launin haƙoran yara.

In kumburi ya kai ido ko wuya, ko haɗiya ta gagara, kada a kwana. A tafi gidan likita mafi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu, su tura mutum babban asibitin Maradi.

Mu riƙe aswaki safe da dare, mu rage sukari a shayi. Rigakafi ya fi magani.