Sharhin Fim a Ƙasar Hausa da Ma'aunin Mai Kallo a Zamfara

Sharhin fim shi ne a kalli fim da idon basira, a fayyace yadda aka gina shi, sannan a faɗi inda ya yi armashi da inda ya gaza, tare da hujja. Ya bambanta da tallar fim, ya kuma bambanta da zayyana labarinsa daga farko zuwa ƙarshe, wanda shi aka fi yi a majalisun hira na Gusau da Tsafe da Bungudu.

Kallo ya fi sharhi daɗewa. A zamanin Turawa motar majigi ce ke zagaya garuruwa tana nuna finafinan wayar da kai, irin su Baban Larai, wanda aka shirya domin kwaɗaitar da manoma noman auduga. Saƙon ya dace da yanki irin na Gusau, inda auduga da gyaɗa suka riƙa cika taragun jirgin ƙasan da ke bi daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda. Daga baya gidajen silima suka kawo finafinan Indiya, kuma a nan ne mai kallo Bahaushe ya fara kafa ma'auninsa. Bai jin Indiyanci, amma yana gane jarumin da ya iya faɗa, da bos ɗin da ya isa a ji haushinsa, da waƙar da ta zauna a gurbinta. Mother India na 1957 da Sholay na 1975 sun zama abin kwatance a bakin dattawan 'yan kallo har yau.

Fim ɗin da masana suka fi ɗauka a matsayin jigon tsofaffin finafinan Hausa shi ne Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya ba da umarni a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Balewa. Tafiyarsa a natse take, kyamara kan daɗe a kan sutura da zaman fada da sararin hamada ba tare da gaggawa ba. Ya ɓace shekaru da dama kafin a gano shi, a gyara shi a Jamus, a nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Kaɗan ne daga masu kallon yau suka taɓa ganinsa.

Zamanin bidiyo ya soma da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a Kano a 1990. Shekarar 1999 kuwa ta tara abubuwa uku. A cikinta Sangaya ya fito ya ɗora kasuwa kan rawa da waƙa. A cikinta Ibrahim Sheme ya kafa mujallar Fim, wadda tare da Tauraruwa ta Sunusi Shehu ta buɗe fagen rubutaccen sharhi. A watan Oktoban shekarar ne kuma Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau. Gidajen silima suka rufe, kallo ya koma cikin gida: kaset, sai faifan CD, sai kuma wayar hannu da masu tura fim a bakin kasuwa.

Tun daga lokacin sharhin fim ɗin Hausa ya fi jingina kan ma'auni biyu. Na farko shi ne tarbiyya: shigar 'yan wasa, cuɗanyar maza da mata, da darasin da fim ya bari. Wannan ne ma'aunin malamai da iyaye, da shi kuma Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ke aiki tun kafa ta a 2001. Na biyu shi ne asali, wato ko labarin na gida ne ko an wanko shi daga na Indiya. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi dogon nazari kan wannan aro. Dukansu tambayoyi ne masu tushe, sai dai fim na iya tsallake su duka biyun ya kasance lami. Ma'auni na uku, na gwanintar sana'a, shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi: ko abin da ya faru a tsakiyar labari ya haifi ƙarshensa, ko hoto na magana da kansa ko sai ɗan wasa ya bayyana komai da baki, ko murya na fita, ko mai tace hoto ya san inda ya kamata ya yanke.

A batun waƙa, Zamfara na da abin cewa fiye da kowa. Ƙasar Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru ce, kuma ɗanta Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ne ya rubuta Jagoran Nazarin Waƙar Baka, inda ya tsara yadda ake duba turken waƙa da salonta. Kunnen da ya saba da irin wannan awo ba zai rasa gane waƙar fim da ke ciyar da labari gaba ba, da wadda aka cusa domin a sayar da faifai kawai.

Finafinan yanzu sun karkata ga masu dogon zango. Tashar Arewa24 ta kawo Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, Aminu Saira ya fito da Labarina, Izzar So kuma ya yi suna a YouTube. Hoto da sauti sun inganta ƙwarai. Cutar wannan zubi ita ce jan labari, domin kuɗin shiga na bin yawan fitowa, sai a ga abin da zai ƙare a zango ɗaya ya kai uku. Wani ɓangaren kuma na neman komawa babban allo, kamar Mai Martaba, wanda Nijeriya ta miƙa wa gasar Oscar a 2024, ko da yake bai shiga jerin waɗanda aka tantance ba.

Babban cikas ga mai son gwada na da da na yanzu shi ne rashin ma'ajiya. Yawancin finafinan shekarun 1990 a kaset aka sake su, kaset kuwa zafi da ƙura na cinye shi, kuma abin da aka ɗora a intanet daga cikinsu sau da yawa kwafe ne mai dishi-dishi da yankakken ƙarshe.