Bayar Da Ƙwan Haihuwa: Lissafin Likita Da Lissafin Shari'a

Godiya ta tabbata ga Allah Mahaliccin zuriya, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Wani ɗan kasuwa daga Tambuwal ya aiko mana da tambaya. Ya ce 'yarsa da ke karatu a kudu ta ba shi labari cewa ana neman 'yammata su bayar da ƙwan haihuwarsu ga matan da ba su sami haihuwa ba, a biya su kuɗi, wai aikin ɗan lokaci ne kamar bayar da jini. Yana son ya san lokacin da abin yake ci, da abin da Shari'a ta ce.

Tambaya ce da ta shafi dukan mai 'ya a makaranta, daga Tambuwal da Dogon Daji har Kebbe da Kuchi. Lamarin ya kai ga cewa a shekarar 2025 Jami'ar Ibadan ta gargaɗi ɗalibanta mata kada su mai da wannan abu hanyar neman kuɗi. Malaman usuli sun koya mana cewa ba a yanke hukunci a kan abu sai an san hakikaninsa, saboda haka za mu fara da bayanin likitoci.

LISSAFIN LIKITA

A bisa al'ada, mace tana nunar da ƙwai ɗaya a kowane wata. Asibiti kuwa yana bukatar goma ko fiye a lokaci guda, sai a tilasta wa jiki da magani. Da fari akwai bincike: a auna jini domin cututtuka masu yaɗuwa da ciwon sikila, a duba mahaifa, a tambayi tarihin dangi. Wannan kaɗai yakan ci makonni. Sa'an nan a jira zuwan jinin haila, a fara allura kowace rana har kwana 10 zuwa 12. A cikin waɗannan kwanaki dole ta riƙa komawa asibiti bayan kwana biyu ko uku, a ɗebi jini, a duba ta da na'ura ta hanyar al'aura. Idan ƙwayayen sun nuna, a yi mata allura ta ƙarshe, bayan kamar awa 36 a sa ta barci, a zuƙo su da doguwar allura. Zuƙowar ba ta cika wuce rabin awa ba, kuma ita ce kaɗai dillalai suke faɗa wa 'yammata.

Idan aka haɗa duka, aikin yakan ɗauki wata biyu zuwa uku. Yawancin asibitocin da ke yinsa suna manyan birane irin Legas da Abuja. Wanda ya taɓa shiga mota daga Tambuwal zuwa Abuja ya san wuni guda ne cur. Watau mace daga Kebbe sai ta bar gida ko aji na tsawon mako biyu a ƙalla, ta zauna kusa da asibitin. Matar aure kuma ana hana ta kusantar mijinta a wannan lokaci. Bayan haka akwai haɗarin kumburin gidan ƙwai, wanda kan tara ruwa a ciki har a kwantar da mace. Saboda irin wannan ne ƙungiyar likitocin haihuwa ta Amurka ta ba da shawara kada mace ta yi fiye da sau 6 a rayuwarta.

LISSAFIN SHARI'A

To, likita ya ƙirga makonni ya rufe littafinsa. Amma Shari'a ba ta rufe nata ba, domin abin da aka ɗauka rabin asalin mutum ne. Jini idan an bayar, jiki ya mayar da gurbinsa, magana ta ƙare. Ƙwai kuwa yana zama yaro mai kama da wadda ta bayar, ya girma, ya nemi aure, ya ci gado, ya bar 'ya'ya.

Mu dubi yadda addini ya tsare nasaba da ƙidayar kwanaki. Wadda aka saki tana yin idda tsarki uku. Wadda mijinta ya rasu tana takaba wata huɗu da kwana goma. Daga cikin hikimomin wannan har da kada zuriyar wani ta cuɗanya da ta wani. A mazhabar Imamu Malik, ko tsotso ɗaya jariri ya yi wa mace a cikin shekarun shayarwa, aure ya haramta tsakaninsa da 'ya'yanta. Addinin da ya kiyaye ɗigon nono haka, ƙaƙa zai yi sakaci da ƙwan da aka halicci yaron daga gare shi? A yawancin asibitoci ana ɓoye sunan mai bayarwa. Bayan shekara 25, wa zai hana ɗan da aka haifa da ƙwanta ya auri 'yar da ta haifa a ɗakin mijinta?

Malamai ba su yi jinkiri a kan wannan mas'ala ba. An haifi jaririyar kwalba ta farko a Ingila a 1978. A 1980 Muftin Masar, Shaihu Jadul Haƙƙi, ya ba da fatawa cewa haɗa maniyyin miji da ƙwan matarsa a wajen jiki, a mayar cikin mahaifarta, halal ne, amma shigowar na uku haram ne. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta taɓa yarda a 1984 kishiya ta ɗauki cikin kishiyarta, sai ta janye a 1985 saboda tsoron cuɗanyar nasaba. A 1986 Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman, ta haramta duk hanyar da ƙwai ko maniyyi ko mahaifa ta fito daga wanda ba ya cikin auren. Gaskiya ne a Iran, Ayatullahi Khamene'i ya halatta bayar da ƙwai da sharuɗɗa a 1999, amma malaman Sunna ba su bi shi a kan haka ba. Har yau malamai suna saɓani a kan yaron da aka riga aka haifa ta wannan hanya: wace ce uwarsa, mai ƙwai ko mai naƙuda? Wannan saɓani kansa ya ishe mu gane nauyin abin.

GA MASU NEMAN HAIHUWA

Ba mu jahilci halin da matar da ba ta haihu ba take ciki: gorin kishiya, habaicin dangin miji, da kuka cikin dare. Neman magani halal ne, kuma malamanmu ba su raba shi da addini ba, ga Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta Masalihul Insani a kan maslahar addini da ta jiki. Miji da mata su tafi asibiti tare, domin sau da yawa matsalar daga namiji take. Idan likita ya ga sai an yi dashe da ƙwanta da maniyyin mijinta, ƙofa a buɗe take muddin auren yana nan. Idan Allah bai nufa ba, riƙon maraya ko ɗan ɗan'uwa aikin lada ne, da sharaɗin a kira shi da sunan ubansa kamar yadda Suratul Ahzabi ta yi umurni.

Ku kuma iyaye, attajirai da ma'aikata, ku sani galibi rashin kuɗin makaranta da na abinci ke kai yarinya ga dillali. Ciyar da ita wajibi ne a kanku har ta shiga ɗakin miji. Mai hali ya tuna da ɗalibai mabukata idan ya tashi fitar da zakka.

Amsarmu ga mai tambaya ita ce: a wajen likita aikin wata biyu ne zuwa uku, tare da allurai da haɗari. A wajen Shari'a bai halatta ba, ko da kuɗi ko kyauta. Ka kira 'yarka, ka yaba mata da ta gaya maka, kana ka tambaye ta abin da take bukata. Allah ne mafi sani. Allah ya tsare mana zuriyarmu, ya ba marasa haihuwa 'ya'ya masu albarka, amin.