Zane a fili a gindin Ƙofar Ɗan Agundi

Wannan rubutu ya shafi zane a fili, wato mai zane ya bar ɗakin aikinsa, ya kinkimi kayansa zuwa gaban abin da yake son zanawa, ya yi aikin a ƙarƙashin rana da iskar wurin. Ƙofar Ɗan Agundi, wadda ke kudancin ganuwar Kano tsakanin Sabuwar Ƙofa da Ƙofar Na'isa, wuri ne da ke nuna wahalar wannan sana'a, domin a nan ragowar badalar jar ƙasa take fuskantar titin da ke zuwa tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, inda motoci da adaidaita sahu ba sa yankewa daga safe har dare.

Tarihi ya nuna cewa Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ganuwar, sannan Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15. Zana birnin a fili ma ba sabon abu ba ne, domin Bajamushen nan Heinrich Barth, da aka fi sani da Abdulkarim, ya hau Dutsen Dala a shekarar 1851 ya zana Kano a takarda, kuma daga wannan zane ne aka fitar da hoton da ke cikin littafin tafiye-tafiyensa. Shekaru goma kafin nan, a 1841, wani Ba'amurke mai suna John Goffe Rand ya ƙirƙiro bututun kuza da ake matso fenti daga cikinsa, alhali a da a mafitsarar alade Turawa ke ɗure fenti, wadda in an huda ta sai saura ya bushe. Wannan ɗan bututu ne ya sauƙaƙa wa masu zane irin su Claude Monet fita fili a Faransa.

Kayan da aka tsara don sanyin Turai kuwa, sai sun zo Kano ake gane iyakarsu. Fentin mai, wanda ake kwaɓawa da mai, yakan kwashe kwanaki bai bushe ba, saboda haka a lokacin hunturu duk ƙurar da iska ta ɗebo daga titi a kansa take sauka, ta manne, har sararin sama da aka shafa shuɗi ya koma ruwan toka. Fentin ruwa kuma matsalarsa akasin haka ce: bushewar iska kan shanye shi kafin buroshi ya kai ƙarshen takarda, sai ya bar layi inda ake son launi ya narke cikin launi. Abin da ke riƙe wannan fenti a takarda ƙaro ne, irin wanda almajiri ke sakawa a tawadar allo, kuma daga dazukan Jigawa da Yobe da Borno ake fitar da shi zuwa ƙasashen waje. Masu gwaninta kan riƙe ƙaramar kwalbar fesa ruwa, su rage girman takarda, su kuma taƙaita launukansu ga biyar ko shida, tunda ganuwar ba ta buƙatar fiye da ja da rawaya irin na ƙasa, da shuɗi na inuwa.

Haske shi ne abin da ya fi gaggawa. Da yake Kano tana kusan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, rana takan karkata kudu a watannin hunturu, don haka fuskar badalar da ke kallon titi ita ke samun haske, yayin da ɓangaren cikin gari ke zama a inuwa. Da hantsi, hasken da ke zuwa a kaikaice yakan fito da kowane rami da ruwan damina ya zaizaye. Da tsakar rana kuwa sai bangon ya baje, ya rasa siffa. Wanda bai kammala shata inuwoyi cikin awa biyu ba, to bango na daban yake zanawa.

Maƙalin allo mai ƙafa uku, wanda ake naɗewa kamar akwati, yakan zama nauyin banza a nan, domin gefen titi ba shi da faɗi, iska kuma tana ture shi in ba a rataya masa dutse ko jarkar ruwa ba. Ɗan katako da ake ɗorawa a cinya, da kujera 'yar tsugunno da laima, sun fi dacewa. Akwai kuma ladabin wuri, wanda ba a koyarwa a aji: a yi sallama ga masu tireda da ke kusa, a sanar da mai unguwa in aikin zai kai kwanaki, kada kuma a saka fuskar kowa a zane sai da yardarsa. Yara dai sai sun taru. Idan la'asar ta yi aka tashi, ɗanyen zanen mai akan haɗa shi fuska da fuska da wani allo, a sa 'yan guntayen katako a kusurwoyi huɗu don kada su taɓa juna, a ɗaure da kyauro, sannan a tare adaidaita sahu.